Ina son buɗe shagon wasannin tebur a Kano, Baba yace gidan karta ne

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 31, ina da mata da yarinya ɗaya, ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a nan Kano, albashin ba laifi amma wallahi raina baya wajen. Lokacin da nayi bautar ƙasa a Abuja wasu abokai suka kaini wani waje da ake zama a tebur ana buga wasanni, ba lido da Whot kaɗai ba, harda su Catan da Scrabble da ces (chess) da wasu da ban taɓa gani ba, tun daga nan abin ya shiga raina. Yanzu kwalayen da na tara a gida sun kai 20, duk Asabar abokai suna zuwa mu buga a zaure. Burina in buɗe shagon da zan dinga sayar da irin waɗannan wasannin da kayan zane da na wasa ƙwaƙwalwa na yara, sannan in jera tebura mutane suzo su zauna su buga. Na tara miliyan 3 da rabi, ina da fili a bayan gari wanda in na sayar zai cike min sauran, wani abokina kuma yace zai zuba miliyan 2 mu dinga raba riba. Na ga shago wajen Zoo Road, mai shi yace sai kuɗin shekara biyu. Matsalar itace da na gayawa Baba sai yace shi bai haifi ɗan da zai buɗe gidan karta ba, in na buɗe in sani ba da yawunsa ba. Matata kuma tace "duk yadda ka gani", amma tun ranar ta canja min, nasan filin ne yake damunta don da shi muke sa ran barin gidan haya. Ni kuma tsorona in na tsaya wani zai rigani. In ajiye aikin in fara, in yaso daga baya su fahimta, ko in haƙura gaba ɗaya?

Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya raya yarinya ya sa albarka a nema.

Bari in baka amsar tun daga farko kafin in shiga bayani, don nasan mai ɗoki in aka ja masa zance sai ya tsinci inda yayi masa daɗi ya bar sauran. Kar ka ajiye aiki yanzu, kar ka sayar da filin nan, kar ka biya kuɗin shekara biyun nan. Amma kuma ban ce ka haƙura ba. Abin da kake so ɗin sana'a ce ta gaske, ana cin abinci da ita, kai kanka ka gani da idonka a Abuja, kuma mutumin da zai tara kwalaye 20 da kuɗin aljihunsa yana tara jama'a duk Asabar ba ɗokin kwana biyu yake ba. Inda nake da ja shine ƙofar da kake son shiga ta ciki. Ka ɗauko abin da yafi komai tsada kuma yafi wuyar janyewa, wato shagon, ka sa shi a gaba, alhali shi ya kamata yazo a ƙarshe bayan ka san waye zai shigo cikinsa.

Mu fara da Baba don nasa yafi nauyi. A wasiƙarka naji kamar kana ɗaukar abin a matsayin rashin fahimta irin na manya, in yaga kuɗi sun fara shigowa zai sauko. A'a ƙanina, kayi masa adalci. Baba ya taso a zamanin da in akace wane ɗan karta ne to an gama da shi, ba mai bashi 'ya, don kowa yasan a tabarmar karta albashi yake ƙarewa, a nan ake cinye keke da rediyo har da gonar gado. Yanzu kuma ga shagunan bet sun shigo unguwanni yara suna kai kuɗin makaranta, har a 2024 sai da Hisbah ta bi ta rufe wasu a nan Kano. Mutumin da yake kallon duk wannan kazo kace masa zaka jera tebura samari su zauna da kati a hannu ana jefa dayis, me kake so ya hango? Kuma maganar tasa tana da tushe a karatu, ba tsoron surutun mutane kaɗai bane. Akwai hadisi mai tsanani a Sahihu Muslim akan wasan nardu, wanda da dayis ake yinsa, sannan Risala wadda kusan duk wanda yayi karatun zaure a ƙasar nan ya bi ta kanta ta faɗa ƙarara cewa wasa da nardu da shaɗaranji bai halatta ba, shaɗaranjin nan kuwa shine ces ɗin da kake bugawa. Malaman Shafi'iyya sun sassauta akan shaɗaranji in babu kuɗi a ciki, bai shagaltar da mutum daga sallah ba kuma babu zage-zage. Kaga kenan magana ce da malamai suka daɗe suna yinta, ba kai da Baba kuka fara ba.

Ni ba mai bada fatawa bane, don haka ga abin da nake so kayi kafin ka sake tada maganar a gida. Ka ɗebi wasanni huɗu ko biyar cikin naka, ka haɗa masu dayis kamar lido da Monopoly da Catan ɗin nan naka (dayis biyu ne da shi ai), da marasa dayis kamar Scrabble da haɗa hoto da dara, ka kaiwa malamin da ka yarda da iliminsa wanda kuma Baba yake ganin girmansa. Ka buɗe su a gabansa yaga yadda ake bugawa da idonsa, kar ka tsaya kwatance da baki don da baki kowa yana iya gyara zance ya dace da amsar da yake so. Kuma kaje da shirin cewa amsar tana iya rage maka kaya, yace wannan da wannan ba laifi, wancan ka barshi. In haka ta faru ba asara kayi ba, ka samu abin da zaka tsaya a kai ranar da wani ya taso maka, don wallahi ko Baba ya yarda sai wani a unguwa ya taso.

Bayan nan ma ba kai zaka koma wajen Baba da hujjoji ba. Uba baya son ɗansa ya kayar da shi a magana, ko kana da gaskiya sai ta zama rashin kunya. Ka nemi baffanka ko wani amininsa da suke zama bayan la'asar, ka fara zaunar da shi ya fahimta, shi zai san lokacin da zai shigar da zancen. Kuma abin da za'a fara nuna masa ya zama ɓangaren da dattijo zai iya faɗa a gaban abokansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, wato ɗansa yana kaiwa makarantu kayan koyon Turanci da lissafi ta hanyar wasa. Wannan ba yaudara bace, gaskiya ce. Najeriya tana cikin ƙasashen da ake jin tsoronsu a Scrabble, a 2015 Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostareliya, shine ɗan Afirka na farko da ya taɓa ci. Tunde Onakoya kuma da ces yake jawo yaran unguwannin talakawa na Legas zuwa karatu, a 2024 yayi awa 60 yana bugawa a New York don tara musu kuɗi. Iyaye da masu makarantun kuɗi suna jin waɗannan labaran, shi yasa zakaga makarantu suna buɗe kulob na ces da Scrabble. Amma fa kar kaje kana karantowa Baba sunayen nan kamar kana kare digiri, ka barwa baffa ya faɗa da irin bakinsu.

Abin da bazan goyi bayanka a kai ba shine "in fara in yaso daga baya su fahimta". Mutumin da mahaifinsa yace ba da yawuna ba, ya buɗe ƙofar shago da wannan kalmar a kansa, duk ranar da ciniki ya tsaya zuciyarsa can zata koma. Ko ta fuskar kasuwa ma, a Kano kake, mai unguwa da limamin masallacin layin da maƙwabtan shago abu na farko da zasu tambaya shine ɗan gidan waye, kuma labarin cewa uban ma bai yarda ba baya ɓuya.

Toh yanzu mu zo kan kuɗi, don a nan ne nake ganin ɗoki ya ɗan rufe maka ido. Abokanka na Asabar ba kwastomomi bane tukunna. Kyauta suke bugawa, a zaurenka, da kwalayenka, ƙila ma da shayi ko zoɓon da mai ɗakinka ta haɗa. Duk wanda ka tambaya a cikinsu zai ce maka "wallahi ka buɗe kullum muna nan", kuma ba ƙarya yake ba a lokacin da yake faɗa, amma ranar da akace kujera naira 1,500 ce zakaga nawa ne zasu rage. Har yanzu baka san ko akwai baƙon da baka sani ba a garin nan da zai cire kuɗi a aljihunsa don ya zauna ya buga ba, kuma ya dawo sati mai zuwa. Wannan ce tambayar da duk sana'ar take tsaye a kai, amsarta kuma bata buƙatar miliyan 5.

Ka duba yadda irin wannan shago yake rayuwa. Wanda ya sayi Scrabble yau ba zai sake sayen wani ba sai bayan shekaru, kwali ɗaya ya ishi gida guda. Lido da Whot da Monopoly na gama-gari kuma suna nan jibge a kasuwar Sabon Gari da manyan kantuna, ga Jumia ga masu talla a Instagram da basa biyan hayar ko sisi, bazaka iya karya musu farashi ba. Manyan wasannin waje irin waɗanda suka burge ka kuma da dala ake sayensu. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Kwalin da yake dala 40 a can, a wannan lissafin ya zama naira 60,000 tun kafin ka biya kuɗin dako da kwastan ka ɗora ribarka, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Mutum nawa ka sani da zasu bada wannan akan kwali? Akwai su, amma basu da yawan da zasu riƙe maka haya, kuma duk kwalin da ya kwana wata shida a kanta jarinka ne yake barci. Ga jabu kuma, irin na China masu kama da na asali sak a hoto, sai an buɗe aga katin kamar takardar biredi. In zaka sayar da irinsu don masu ƙaramin ƙarfi to ka gayawa mai saye ko menene, don wanda ya biya kuɗin na asali ya tarar da jabu bazai dawo ba kuma sai ya gayawa mutum goma.

Shi yasa masu wannan sana'ar da yawa basu dogara da sayar da kwali kaɗai ba. Irin tsarin da wani shagon wasannin tebur mai suna Snakes & Lattes ya shahara da shi a Toronto ta Kanada tun 2010 shine kowa ya biya kuɗin zama ya buga duk abin da yake so a kanta, sannan a sayar masa da abin ci da abin sha, kwalin da ya buga ya ji daɗinsa kuma watarana ya saya ya kai gida. Toh ɗauki biro muyi misali, lambobin nawa ne kawai don ka gane, kai zaka sa na gaskiya. Ace hayar wata da albashin yaro ɗaya da wuta da man janareta da ruwa da ƴan gyare-gyare sun tashi naira 300,000 a wata. In kowa yana biyan 1,500, sai ka samu zama 200 a wata, kusan mutum 7 kullum har da Litinin da Talata da ranar da aka tafka ruwa, kafin ka mayar da abin da ka kashe, baka ci riba ba balle ka maye albashin da ka ajiye. Kuma ka tuna zafin Kano daga Maris zuwa Mayu, ba wanda zai zauna awa uku a ɗaki yana tunanin inda zai ajiye harafi in fanka bata juyawa, don haka sola ko janareta dole ne ba ado ba.

Ga abin da nake ganin yafi. Ka ware abin da bai wuce naira 500,000 ba cikin kuɗin da ka tara, kace wannan na gwaji ne ko ya ƙone bazan yi kuka ba, ka baiwa kanka wata shida. Ka nemi wani gidan abinci ko wajen shan shayi na zamani mai tsafta wanda yake da lokacin da baya samun mutane, kuyi magana da mai shi ya baka tebura huɗu yammacin Asabar ko Lahadi, kai ka karɓi kuɗin zama shi ya sayar da abincinsa, kowa ya samu. Ka tallata a WhatsApp da Instagram da TikTok, kuma kowa ya biya, har aminanka, har wanda kuka yi firamare tare. Ka sayi littafi ka dinga rubuta waye yazo, ta ina yaji labari, me ya buga, ya dawo ko bai dawo ba. A nan zaka gano wani abu da masu sana'ar suka sani, cewa ainihin abin da kake sayarwa shine koyarwa. Dokokin wasannin nan da Turanci suke, wasu shafi goma sha, ba mai biyan kuɗi yazo yayi karatu. Mutumin da zai zaunar da baƙi huɗu ya fahimtar da su wasa da Hausa cikin minti biyar har su fara dariya da musu, shine shagon. In kai ne kaɗai ka iya, to tun yanzu ka fara koyawa wani yaro mai sakin fuska.

A cikin wata shidan nan kuma ka zaga makarantun kuɗi na kusa da kai da Scrabble da ces da haɗa hoto a jaka, ka nemi ganin shugaban makaranta, kace zaka kawo kaya ka kuma turo mai koyarwa sau ɗaya a sati a biya ka duk zango. Makaranta ɗaya tana iya sayen allo goma a tashi guda, abin da zaka yi wata baka sayar ba a shago, kuma wannan ne ɓangaren da ba wanda zai kira shi gidan karta. Kayan zanen da ka ambata ma kar ka raina su, ni a ganina sun fi kwalayen tabbas, don fenti da burushi da takardar zane da zaren saƙa da kwarashi ƙarewa suke, mai saye dole ya dawo, kuma su ne zasu jawo maka mata da iyayen yara musamman a dogon hutu. Sannan ga dara tamu ta gida da ba ruwanta da dala, kafinta mai hannu zai fafe maka allo mai gurbi 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, a goge a shafa masa mai yayi kyau har a bada shi kyauta ga baƙo. Ina kyautata zaton Baba ma ya iya ta, ko da bazai faɗa maka ba.

Ka kuma daure ka koma Abuja, wannan karon ba don wasa ba. Akwai NIBCARD Games da Kenechukwu Ogbuagu ya kafa, suna da wajen zama a buga, suna ƙirƙirar wasanninsu suna bugawa a nan gida, suna shirya taron masu wasannin tebur na Afirka da ake kira AB Con, har a 2021 suka ci kyautar Diana Jones wadda ake ji da ita a wannan harkar. Kaje da tambayoyinka a rubuce, wace rana ce tafi mutane, me yake kawo kuɗi me yake cin kuɗi, ya suke yi da katin da ya ɓata, nawa zasu baka sari. Kayan da aka yi a gida da naira zaka saya. Amma ka riƙe a ranka Abuja daban Kano daban, abin da ya wuce salin alin a Wuse yana iya tara maka jama'a a ƙofar shago a nan.

Batun wani zai rigaka kuwa, ka kwantar da hankalinka. Garin da yake da miliyoyin mutane shago ɗaya baya cinye shi, in ma wani ya buɗe kafin kai to ya taya ka wayar da kan mutane da kuɗinsa, kai kuma kaje ka zauna a kwastoma kaga inda ya gyara da inda ya ɓata.

Sai mai ɗakinka. Ƙanina ka kai shekarun da zaka san "duk yadda ka gani" ba amincewa bace, ladabi ne da gajiya. Filin nan a wajenka jari ne da yake kwance, a wajenta kuwa shine ranar da zata daina jin gabanta yana faɗuwa in mai gida ya aiko, shine ɗakin da zata ce na yarinyarta ne. Ƙila ta sha ƙin sayen wani abu don a tara a fara gini baka ma sani ba. Kuma fili a bayan garin Kano in ka sayar yau, da wuya ka sake sayen irinsa da kuɗin nan bayan shekara biyu, shago kuwa in ya faɗi abin da zai rage maka tebura ne da kwalayen da aka buɗe. Ka zaunar da ita idan yarinya tayi barci, ka fara da ce mata filin ya fita daga lissafi, da bakinka, don ta samu nutsuwar da zata saurari sauran. Ka nuna mata nawa ka ware na gwaji, nawa ka ajiye na cefane da haya na wata shida da ba za'a taɓa ba ko me ya faru, sannan ka tambayeta ra'ayinta kayi shiru ka bari ta gama. Ka tambayeta har da zaman Asabar ɗin nan na zaure, ko yana takura mata, don na lura a wasiƙarka baka ce komai ba akan wanda yake wanke kofunan. In ta nuna sha'awa tana iya riƙe ɓangaren mata ko kayan saƙa ko abin taɓawa da za'a dinga sayarwa, da ribarta a hannunta, in bata nuna ba kar ka ɗora mata.

Abokinka mai miliyan 2 Allah ya saka masa, amma kar ka karɓi kuɗin yanzu, kace ya jira sakamakon gwaji. Ranar da zaku haɗa kuma a rubuta da shaidu, bashi ne ko hannun jari, kashi nawa kowa zai ɗauka a riba, in anyi asara wa zai ɗauka, kai da kake tsaye a shagon kana da albashi ko babu, in ɗaya yana son fita wata nawa zai bada sanarwa kuma ya za'a kimanta kayan. "Mu dinga raba riba" magana ce mai daɗi ranar da ake yinta, rigimar tana zuwa ne a watan da babu ribar shi kuma matarsa ta haihu yana son kuɗinsa.

In wata shida sun cika ka buɗe littafinka. In kaga akwai baƙin da ba abokanka ba da suka dawo sau uku sau huɗu da kuɗinsu, kana da makaranta biyu ko uku da suke biya, kuma abin da yake shigowa wata uku a jere zai iya ɗaukar hayar ƙaramin waje, toh sai a fara neman shago. Ƙarami, na shekara ɗaya, ko a saman bene ne ko cikin plaza, don masu zuwa wajenka ta waya zasu same ka ba wucewa zasu yi su gani ba, bakin titi mai tsada na masu sayar da atamfa da waya ne. Ka sa la'adar dillali a lissafi. In ɗaliban BUK kake hange ka tuna yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, ga hutu, ga azumi da rana ba kowa sai bayan tarawihi. Aikinka kuma ka riƙe shi, ka buɗe da yamma da ƙarshen mako, yaron da ka koyar ya tsaya da rana, sai shagon ya jera watanni yana biyanka kusa da albashinka sannan ayi maganar ajiyewa. Nasan ranka baya wajen aikin, amma shine yake baka damar yin kuskure ba tare da tukunya ta tsaya a gida ba.

Takardu ba wuya, kayi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka samu lambar haraji, ka biya na ƙaramar hukuma, ka buɗe asusun banki na shagon daban da naka. Abin da yafi takardu shine ka gaida mai unguwa da liman kafin ka ɗaura allon suna, kaje ofishin Hisbah da ƙafarka ka gaya musu abin da zaka yi ka gayyace su su gani, yafi su zo da mota bayan wani ya kai ƙara. Ka liƙa dokokinka a bango inda kowa zai gani, ba kuɗi a kan tebur ko na wasa ne, ba shisha, ba ɗalibi da yunifom lokacin makaranta, in an kira sallah a tashi, ƙarfe goma a rufe, kuma ka ware rana ta mata da rana ta iyali maimakon cakuɗa. Wanda ka kama yana sa kuɗi ka sallame shi a ranar ko ɗan waye, don sau ɗaya aka ce anci kuɗin wani a shagonka maganar Baba ta tabbata. Gasa ma kayi hattara, in kowa ya zuba kuɗin shiga aka tara aka baiwa wanda ya ci, malamai da yawa caca suke kiransa, gara ka nemi wani kanti ko makaranta su ɗauki nauyin kyautar.

In kuma bayan malam da baffa da wata shidan Baba yana nan akan bakansa, kar ka ɗauka komai ya rushe. A sa baffa ya tambaye shi a hankali wanne ne takamaimai bai yarda da shi ba, tara samarin ne, ko dayis ɗin, ko katin, don sau da yawa abu ɗaya ne yake tsaye masa a rai ba duka ba. In teburan ne, ka ajiye su, ka riƙe makarantu da kayan zane da sayarwa ta waya ana kaiwa mutane har gida, wannan ko shago baya buƙata, ɗaki ɗaya da kanta ya isa, kuma kana iya yinsa kana kan aikinka. Ka gaida mai ɗakin naka, ka shafa min kan yarinya.